Tambaya da Amsa: Zan iya ajiye akwatin zuma a gidanmu cikin garin Jos?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Sanyi ya shigo Jos da ƙarfinsa, kuma duk shekara in aka shiga lokacin tari da mura sai kasuwar zuma ta tashi, daga nan kuma sai saƙonni su fara shigo min kan yadda ake kiwonta. Na ɗauko guda biyar, na farkon shi zai ci mana fili sosai dan shi yafi tsaya min a rai.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah shawara nake nema. Shekara biyu kenan da na gama bautar ƙasa ba aiki, sai nake ganin bidiyo a YouTube turawa suna kiwon zuma a saman bene a tsakiyar gari, wani ma ko safar hannu baya sawa. Gidanmu a Angwan Rogo yake, gidan gado ne akwai 'yan haya ɗaki huɗu da yaransu, amma akwai dekin a saman shagon gaba ba abinda ake dashi. Ina so in ɗora akwati biyu a wajen in fara. Ya ka gani?
Daga wani matashi, Angwan Rogo.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Allah ya kawo aiki mai albarka, kuma wallahi naji daɗi da hankalinka ya tafi kan sana'a. Amma bari in faɗa maka tun daga farko, kar ka ɗora akwatin nan a dekin ɗin nan, ko guda ɗaya kar ka ɗora.

Bidiyon da ka gani ba ƙarya bane. A Faris da Landan mutane na ajiye zuma a saman gine-gine, a birnin New York na Amurka ma da an hana, sai a 2010 aka ɗage hanin. Abun da bidiyon bai gaya maka ba shine ƙudan da ke cikin akwatinsu ba irin namu bane. Nasu na Turai ne, irin na Italiya da makamantansu, shekara da shekaru masu kiwo suna zaɓar masu sanyin hali suna hayayyafa su, shi yasa zaka ga mutum ya buɗe akwati da riga mai gajeren hannu ƙudan na ta yawo a yatsunsa. Namu na Afirka ta Yamma, wanda masana ke kira Apis mellifera adansonii, a daji ya tashi tare da dage da kwarkwasa da masu zuwa da wuta cikin dare su ƙone gida su kwashe saƙa, toh gidan da bai iya faɗa ba ai bai bar baya ba, masu zafin su suka rage mana. Ƙudan ne mai ƙwazo, mai juriyar cuta, ni dai ina son shi ƙwarai, amma in ya tashi faɗa baya tsayawa kan wanda ya taɓa shi. A 1956 an kai wani ɗan'uwansa daga kudancin Afirka zuwa Brazil dan a inganta zuma, shekara na zagayowa wasu suka kuɓuce suka shiga daji, suka dinga bazuwa har zuwa 1990 sai gasu a Texas, kuma har yau a can in ance ƙudan Afirka kowa shiga taitayinsa yake.

Ka san me yake faruwa in guda ɗaya ta harbi mutum? Ƙarin yana maƙalewa a fata, ita ta mutu, amma wajen yana fitar da wani wari mai kama da na ayaba, wannan warin shine kiran yaƙi, duk 'yan'uwanta nan zasu nufo. Akwati ɗaya mai ƙarfi kuwa ƙudan cikinsa dubbai ne, dubu goma-goma ake magana. Yanzu ka rufe ido ka kalli unguwarku, katanga jikin katanga, lungu ɗaya kowa ke bi, injin markaɗe na rugugi tun safe, in an ɗauke wuta kowa ya tada janareta, yara na buga ƙwallo ta faɗo kan dekin ɗaya ya hau ɗaukowa, 'yan Islamiyya sun taso da yamma, ga tsohuwa a tsakar gida da bata iya gudu, ga ragon layya a ɗaure a turke. Girgizar inji na tada musu hankali, turare mai ƙarfi na tada musu hankali, warin dabba da zufa ma haka. Sai su yi wata shida lafiya lau kana cewa ai Malam tsoro ne ya cika shi, ranar da ka buɗe zaka yanki zuma ko iska ta kada murfin, ranar zaka gane.

Ba labari nake baka ba, ya faru dani. Farkon fara kiwo na, na ajiye akwati a gonar wani bawan Allah a bayan gari, ban lura da cewa akwai gida ta bayan duwatsun ba, na zo da rana tsaka ina ɗoki na buɗe. Ni ina cikin rigar kariya ba abinda ya same ni, amma akuyar mutanen gidan tana ɗaure, kafin a kwance ta ta riga ta galabaita, washegari ta mutu, kuma matar gidan da ta je ceton ta sai da fuskarta ta kumbura har idonta ya rufe. Na biya kuɗin akuya, na kai matar asibiti, ta yafe min, amma har yau in na tuna cewa da jariri ne a kwance a inuwar nan sai gabana ya faɗi. Wannan fa a ƙauye ne, gida ɗaya tal. Ina ga Angwan Rogo.

Kuma akwai haƙƙin maƙwabtaka. Manzon Allah (SAW) yace ba cuta ba cutarwa, kuma 'yan hayan gidanku sun biya kuɗin ɗaki ne dan su zauna lafiya da 'ya'yansu, basu ƙulla da kai cewa zasu ɗauki kasadar sana'arka ba. Ko sun ce sun yarda saboda kunyarka, na bayan katanga fa, da mai wucewa?

Toh amma bance ka bar maganar zuma ba, a'a. Jos na cikin wuraren da Allah ya yi wa baiwa, minti talatin a mashin ka fita gari, ta hanyar Bauchi bayan ka wuce Naraguta, ko ta hanyar Zariya wajen Mista Ali, ko ɓangaren Miango, ko gindin duwatsun Shere. Ga itacen turare da aka dasa a wuraren da aka haƙi kuza, ga mangwaro, ga kashu, ga ɗorawa, ga piya. Ka nemi mai gona ku yi magana ta fahimta, ka ajiye akwatunanka a gefen da ba gida ba hanya ba makiyaya, in an yanka ka bashi rabonsa, shi kuma amfanin gonarsa zai ƙaru dan ƙudan na ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan. Zuma ba kaji bane da sai ka basu dusa safe da yamma, leƙawa duk sati biyu ya wadatar. Kafin ka kashe ko sisi ka bi wani mai kiwo kaka ɗaya kana riƙe masa gwangwanin hayaƙi, ka kuma shiga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke nan Jos ka yi tambaya. Dekin naka kuma yana da aiki, ka gyara ɗaki mai raga a tagogi ka dinga tacewa da ɗurawa a kwalba, ka dafa kaki ka sayar wa masu haɗa man shafawa da kyandir da man takalmi, mutane da yawa zubar da kakin suke basu san kuɗi bane. In kasuwa ta buɗe har kana son shiga manyan shaguna sai ka nemi rajistar NAFDAC.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ɗan fansho ne, gidana yana can ƙarshen Lamingo, fili ne babba na zagaye shi da katanga, akwai mangwaro da gwaiba da piya a baya, bayan katangar kuma dutse ne da fili ba gini. Daga ni sai uwargida sai mai gadi, jikoki sai hutu. Ni ma hanin ya shafe ni?
Daga wani dattijo, Lamingo.

AMSA: Baba barka da hutawa, Allah ya ƙara lafiya. Naka daban ne, zai yiwu, amma da sharuɗɗa kuma ina roƙo kar a ɗauki ɗaya a bar ɗaya.

A fara auna tazara. Ni a nawa ra'ayin, da irin ƙudanmu, bana sakin jiki in tsakanin akwati da ɗakin kwana ko hanyar mutane ko turken dabbobi bai kai kamar mita 100 ba, kuma har da gidan maƙwabci ake lissafi ba naka kaɗai ba. In filin bai kai ba toh a haƙura a kai gona. In ya kai, a sa akwatin can ƙurya ƙarƙashin inuwa, bakinsa na kallon katangar baya wajen dutsen, a kuma yi masa shinge na zana ko shuka mai tsayin mita 2 ta ɓangaren gida, amfanin haka shine ƙudan in ya fito dole ya tashi sama kafin ya miƙe, sai ya wuce ta saman kan mutane. Fitilar tsaro kar ta haska bakin akwatin da dare, haske na janyo su. Janareta da injin yankan ciyawa su yi nesa, a gaya wa mai gadi wannan da baki, a maimaita masa.

A fara da akwati ɗaya Baba, ko biyu in an matsa. Amyar gargajiya ta ciyawa da ake ratayewa a bishiya bata dace da gida ba, dan ba'a iya duba ta sai an yi ɓarna. Akwai na zamani mai hawa-hawa da ake kira Langstroth, sunan Ba'amurken da ya ƙirƙiro shi ne tun 1852, yana da kyau amma da tsada kuma yana son kayan aiki. Wanda nake ba masu farawa shawara shine akwatin Kenya, dogo mai kama da kwami, an jera sanduna a samansa, kowace sanda ƙudan ya gina saƙa ɗaya a jikinta. Kafinta a kasuwar Katako zai iya yi, sai dai a tsaya a kansa kan abu ɗaya, faɗin kowace sanda ya zama santimita 3.2, in ya ƙara ko ya rage sai su gina saƙa a gicciye ta manne sanduna uku huɗu, ranar buɗewa ta karye zuma ta zube su fusata. Katakon ya zama busasshe mara wari, kar a shafa fenti a ciki.

Ba sayen ƙudan ake ba galibi, kiran su ake. A narka kaki mai kyau a shafa a tsakiyar sandunan da bakin ƙofa, a goga ciyawar shayin nan mai ƙamshin lemun tsami a ciki, ƙamshinta na kama da wanda suke kiran juna dashi. Bayan ɗaukewar ruwan sama lokacin da suke rabuwa suna neman sabon gida an fi dacewa. Wani akwatin sati biyu an shiga, wani sai ya shekara, haƙuri ake.

Sai ruwa, kuma wannan shi mutane suka fi mantawa. Da rani in baka basu ruwa ba zasu nemo da kansu, kuma inda zasu samu shine famfon maƙwabci ko bakin rijiya ko wajen alwala. A ajiye kwano kusa da akwatin tun kafin su shiga, a zuba tsakuwa ko a jefa karare dan su samu wajen tsayawa kar su nitse, kuma kar a bari ya ƙafe ko na kwana ɗaya, in suka saba da wani wajen da wuya su dawo. Ƙafafun teburin da aka ɗora akwatin a tsoma su cikin gwangwani mai baƙin mai saboda tururuwa da gara, a share ciyawar ƙasa, a dinga lura da ƙadangaru dan suna zama a bakin ƙofa suna cafke su ɗaya bayan ɗaya. In akwai masu lambu kusa da ke feshin magani a kayan miya, a roƙe su su dinga yi da yamma lis lokacin da ƙudan ya koma gida, dan yana tafiya kilomita 2 zuwa 3 neman fure, katangarka bata tsare shi.

Buɗewa kuma sai dab da magariba, da cikakkiyar riga mai hular raga, safar hannu, takalmin roba, da hayaƙi mai sanyi ba harshen wuta ba. Ranar a sanar da maƙwabta, a shigar da kaji da dabbobi, a rufe tagogi. Saƙar da aka like bakinta da kaki ita ce ta nuna, ita ake yanka, mai 'ya'ya a bar musu, a kuma bar musu wani abu na ci. In jikoki sun zo hutu ba'a taɓa akwati sam har su tafi. Abu na ƙarshe Baba, in kai ko Hajiya akwai wanda zuma ta taɓa harbi jikinsa ya rikice ko numfashi ya sarƙe, toh duk abinda na faɗa a sama a soke shi.

TAMBAYA: Malam ƙudan zuma ne suka shige mana silin ɗin ɗakin yara wata uku kenan, har wani abu na ɗigowa ta gefe. Maigida yace zai fesa fiya-fiya ya toshe ramin, ƙaninsa kuma yace a kunna tsumma da fetur. Ni dai tsoro nake ji.
Daga wata uwargida, Nasarawa Gwom.

AMSA: Hajiya tsoronki na kan hanya, ki roƙi maigida dan girman Allah kar a yi ko ɗaya. Wuta a cikin silin, ga busasshen katako ga kaki mai kamawa kamar kyandir ga wayoyin lantarki, gobara ce kawai ake gayyata. Fiya-fiya ko Sniper kuma guba ne a ɗakin da yara ke kwana, bazai kashe su duka lokaci ɗaya ba, waɗanda suka tsira zasu fito a haukace, zumar da ke ciki ta zama guba wani yaro ya lasa. In kuma aka toshe ramin waje toh ta cikin ɗaki zasu nemi hanya.

Yau ɗin nan ki kwashe yaran daga ɗakin ki rufe. A nemo mai kiwon zuma, ki tambayi masu sayar da zuma a kasuwa zasu haɗa ki da wani, da yawansu murna zasu yi dan gida guda na ƙudan dukiya ne a wajensu. Zai zo da yamma ya ɗaga kwano ko silin, ya yanke saƙar duka, ya nemi sarauniyar ya sa a akwati, sauran zasu bi ta. Abun da zaki tsaya a kai shine a kankare wajen tas a wanke, sannan a toshe duk wata kafa, in aka bar ɓurɓushin kaki ƙamshin zai kira wasu baɗi. A gaya wa maƙwabta ranar da za'a yi.

In wani ya samu harbi kafin nan, a kankare ƙarin da farce ko gefen kati da sauri, a wanke wajen da sabulu, a ɗora ƙanƙara ko tsumma mai sanyi. Kumburi da zafi a wajen ba komai bane, zai sauka. Amma in kika ga leɓe ko harshe ko wuya na kumbura, ko numfashi na fita da ƙyar, ko jiri da amai, ko ƙuraje sun feso a duk jiki, ko kuma harbin yayi yawa musamman ga ƙaramin yaro, kar a tsaya shafa manja ko jiƙa wani abu, a ɗauke shi sai asibiti mafi kusa, akwai allurar adirenalin da ake yi kuma mintuna ne ke raba rai da mutuwa a irin wannan.

TAMBAYA: Wasu ƙudan zuma sun taru sun yi dunƙule a reshen mangwaron makarantarmu kamar ƙwarya, me zamu yi?
Daga wata malama, Tudun Wada.

AMSA: Malama waɗannan matafiya ne, sun baro tsohon gida da sarauniyarsu sun yada zango, 'yan leƙen asirinsu na can na neman waje. A irin wannan halin basu cika faɗa ba dan basu da 'ya'ya ko zumar da zasu kare, kuma yawanci cikin 'yan awanni zuwa kwana biyu zasu tashi. A hana yara zuwa wajen, musamman masu jifa, kar a watsa ruwa kar a yi hayaƙi. In sun wuce kwana uku ko kika ga sun fara farar saƙa a reshen, a kira mai kiwo ya kwashe su.

TAMBAYA: Na sayi zuma wajen wani da na yarda dashi, da sanyin nan ya shigo sai ta daskare tayi tsaki-tsaki kamar suga. An cuce ni ne? Dama na saya ne dan in dinga lasa wa jaririyata 'yar wata biyar saboda tari.
Daga wata mai jego, Bukuru.

AMSA: Ƙanwata daskarewa ba shaidar algus bace. Zuma ta gaskiya tana daskarewa, sukarin da Allah ya halitta a cikinta ne ke haɗuwa, kuma sanyin Jos na hanzarta shi, wata zumar ma tafi wata saurin yi gwargwadon furen da ƙudan ya ci. Ki tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi zata narke, kar dai ki ɗora ta a wuta. Gwajin ashana da na ɗigawa a ruwa da ake yaɗawa a WhatsApp kar ki dogara dasu, mai haɗi ya san su ya kuma san yadda zai tsallake, sanin wanda ya yanko ta yafi duk wannan.

Amma maganar jaririya, dan Allah ki dakata. Na san al'adarmu ce, na san kakanni zasu ce ai waraka ce kuma Alƙur'ani ya faɗa a Suratun Nahli, haka ne babu shakka. Sai dai likitoci sun hana ba yaron da bai cika shekara 1 ba zuma, ko ɗan lasawa ne, ko wacce iri ce, dan wani lokacin tana ɗauke da ƙwayar wata cuta da ake kira botulizim, cikin babba na iya kashe ta amma hanjin jariri bai yi ƙwari ba, sai ta tsiro a ciki ta saki dafin da ke saukar da jiki, yaro ya kasa tsotso, kukansa ya raunana, ciki ya ɗaure, har ta kai ga numfashi. Dafa zumar ma baya kashe ƙwayar. 'Yar wata biyar nono ya ishe ta, ki kai ta a duba tarin a asibiti, in kin riga kin lasa mata ki gaya wa likitan. Zumar ki sha abinki da ruwan ɗumi da lemun tsami, ita kuma ki ajiye mata sai ta shekara.